Garin Luƙman a Bayan Jan Layi

Sallama gare ku masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, kowa tambayarsa ina aka kwana a maganar biki, wata baiwar Allah ma har hoton ɗinkin da take so in sa ranar kamu ta turo min. Na gode. Amma yau ku ajiye maganar tela, ku gyara zama ku ji abin da na yi da hannuna da ordinatata, wato kwamfutata, don in ban amayar da shi ba zai ci gaba da cin raina.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Nusaiba, a Dogon Dutsi nake zaune gidan iyayena. Na karanta ƙididdiga a Yamai, na dawo gida na samu aiki a wani furoje, wato shirin tallafi, mai kula da lafiyar mata. Wanda zan aura sunansa Luƙman, malamin lissafi ne a lise, wato babbar sakandare, ɗan wani ƙauye da ake kira Tudun Aduwa, can gaba da Ɗan Kassari inda kwalta ba ta san hanya ba. Manya sun shiga maganarmu, an kawo goro, an sa rana bayan girbi. Atamfofin da danginsa suka fara aikowa suna ɗakin Inna, ta lulluɓe su da tsohon zanen gado, kullum sai ta ɗaga ta leƙa kamar za su gudu.

Furojenmu ya samu abin gina matarnite, wato ɗakin haihuwa, a wasu 'yan ƙauyuka. Ƙauyukan da ke so kuwa ba su ƙirguwa. Kowane magajin gari yana da nasa, kowane mai gari yana da ɗan uwa a wani buro, wato ofis. Shugabarmu Madam Henriette, mace mai gajeren gashi da gajeren haƙuri, ta ce ba za ta saurari kowa ba. Ta miƙo min bayanan matan da aka kawo asibiti da naƙuda mai wuya a 'yan shekarun nan, ta ce in nuna mata inda suka fi yawa. Ƙauyen da ya faɗa cikin wurin shi za a duba, wanda ya faɗa waje sai wani jiƙon.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikin, kar ku gudu, ba jarrabawa zan yi muku ba. Kowace mace ɗigo ɗaya ce a kan taswira. Ɗigo dubbai a warwatse ba sa gaya wa ido komai, don haka nake rubuta wa manhajar Python umarni ta ɗora wa kowane ɗigo ɗan tsibin yashi. Inda mata suka yi yawa, tsibi ya hau kan tsibi har ya zama tudu. Inda babu kowa, fili ya zauna a shimfiɗe. Abin da ake nema shi ne layin da zai kewaye kashi casa'in da biyar cikin ɗari na matan nan a cikin mafi ƙanƙantar fili. A makaranta région de confiance muke ce masa. Nan ne mutane da yawa ke zamewa, su bar na'ura ta yanka tudun yadda ta ga dama, su ga zobba masu kyau sun fito, su liƙa musu kaso da ka. Ni kuwa yanka taswirar nake yi ƙananan gidaje irin na dara, in jera su daga mafi tsayi zuwa mafi gajarta, in yi ta tarawa har jimla ta kai casa'in da biyar. Tsayin gidan da na tsaya a kansa, nan layi zai bi. Ina alfahari da wannan aikin, ba zan ɓoye muku ba. Na zaɓa wa layin jan launi don ya fito raɗau.

Da hoton ya fito, na ga babban tudu a kan Dutsi, da wasu ƙanana sun miƙa gabas da kudu. Na matso da fuskata ina neman Tudun Aduwa. Na same shi a waje. Tsakaninsa da jan layin, a kan gilashin ordinata, bai kai faɗin farcena ba. Na sake gudanar da lissafin daga farko, ya sake fitowa a inda yake.

Ranar da Luƙman ya zo zance bayan la'asar, na sa doguwar riga ruwan toka da mayafi mai ɗan duwatsu a baki, wanda ya taɓa cewa yana yi min kyau. Shi kuma ya zo cikin farar shadda da ta sha guga, babur ɗinsa duk jar ƙasa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo masa ruwan lemun tsami da citta. Da na yi shiru na bar shi ya gani ranar taro kamar kowa, da wataƙila ba mu kai inda muka kai ba. Amma ni sarkin zumuɗi, na ɗauko ordinata na buɗe masa.

Ya daɗe yana kallo. Malamin lissafi ne, ba sai na yi masa dogon bayani ba. Ya tambaye ni faɗin tsibin yashin da na zaɓa, na gaya masa ƙa'idar da aka saba bi ce na bi. Ya ce ai wannan faɗin zaɓi ne ba wahayi ba, in na ƙara shi kaɗan tudun zai bazu, layin ya matsa waje. Na ce na sani. Sai ya ajiye kofin ya ce:

"Nusaiba, taswirag ga ba ta yi kama da garinmu ba. Ni na san matan da anka ɗora bisa amalanke. Ki sake dubawa."

Ku lura da kyau, abu biyu ya faɗa. Ya ce in ƙara faɗi, ya kuma ce in sake dubawa. Ni na farkon kawai kunnena ya kama. Na sha mur, na ce masa ban yi shekaru a Yamai ina cin gari da ƙuli don in zo in karkatar da layi saboda surukai ba. Na ce in na matsa wa garinsu, gobe wani ya zo in matsa wa nasa, ƙarshe sai layin ya kewaye yankinmu na Arewa gaba ɗaya, ya tsallaka iyaka har Sakkwato. Na so ya yi dariya, bai yi ba.

Ya tuna min da ƙanwarsa Hidaya. Na san labarin tun farkon haɗuwarmu. Haihuwarta ta fari ta zo da gardama, aka ɗora ta a amalanken jaki daga Tudun Aduwa ana neman inda za a samu mota, kafin a iso asibiti ɗan ya koma. Ita ma da ƙyar ta sha. Na ce masa na tausaya mata har raina, amma mace ɗaya ɗigo ɗaya ce, ba ta ja layi. Wallahi haka na faɗa. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce to madalla, ya tashi ya sa takalmi. Lemun ma bai shanye ba.

Ban san yadda maganar ta tsallaka katanga ba, amma kafin a kwana biyu ta isa kunnen Gwaggo Habsatu, yayar Baba. Gwaggo mace ce da in ta shigo gida kaji ma sukan nemi wurin ɓuya. Ta zo da hantsi cikin lafaya shuɗiya, carbi a hannu, ta zauna a kujerar Inna ta sa aka kira ni. Ta ce ita ba ta yi lakwal ba, wato boko, amma ta ji an ce layi ne, kuma ni na zana shi. To wanda ya zana layi ai shi ke da abin gogewa. Na fara yi mata bayanin tsibin yashi da gidajen dara, ta ɗaga min hannu.

"Ke, bar ni da yashinki. Gidan da za ki shiga ki kwana ki tashi, shi kinka hidda waje? Da wane ido za ki kalli uwar mijinki?"

Inna kuwa tana ta tsince shinkafa a faranti. Bayan Gwaggo ta tafi ne ta same ni a ɗaki ta ce ita ba ta ce in yi ƙarya ba, amma in akwai wata hanya ta halal in neme ta, don aure ba a fara shi da ɗaci. Na ce mata lissafi ba shi da suruki. Ta ce to Allah ya kyauta, ta fita. A lokacin ji nake ni kaɗai ce mai gaskiya a duk faɗin Dutsi, har wani daɗi nake ji ana matsa min ina ƙi.

Luƙman bai daina turo saƙo ba. Kullum da safe sai na ga "Bonjour ma chérie, kin tashi lahiya?" Daga baya ya ƙara da "Tu as revérifié?" wato ko na sake dubawa. Ni kuma in mayar masa da hoton fure ko in ce aiki ya yi min yawa. Sau ɗaya na rubuta masa cewa in lissafina yake shakka ya fito fili ya faɗa. Ya amsa da cewa ba lissafin yake shakka ba. Ban tambaye shi to me yake shakka ba, na kife wayar na ci gaba da harkata.

Aka zo ranar taro. Babban ɗaki cike da wakilan garuruwa, manyan riguna da rawuna, fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Na sa atamfa kore ɗinkin riga da siket, na ɗaura kallabi na yafa farin mayafi, na tsaya kusa da Madam Henriette ina haska taswirata a bango. Can baya na hango Luƙman ya rako dattawan garinsu, har da kawunsa Is'haƙa wanda shi ya kawo goron neman aurena. Na yi bayani. Waɗanda ke ciki suka gyaɗa kai, waɗanda ke waje suka fara gunaguni.

Sai wani wakili, wanda garinsa ya faɗa waje, ya miƙe ya gyara babbar rigarsa. Ya ce shi ba ya jayayya da na'ura, amma na'ura hannu ke tuƙa ta, kuma kowa ya san yarinyar nan an sa mata rana da ɗan wani ƙauye da ke neman matarnite. Ya ce wa zai tabbatar musu ba a yi son kai ba. Madam ta buɗe baki za ta amsa, na riga ta. Na ɗauki sandar nuni na ɗora a kan Tudun Aduwa na ce:

"Ga garin surukaina nan, ku duba da kyau. Waje yake. An roƙe ni in matsa layin, ban matsa ba."

Aka tafa min. Har wakilin ya yi dariya ya ce ya sallama. Kaina ya kumbura, na ji kamar a ɗaga ni sama. Sai da na juyo na ga dattawan Tudun Aduwa sun sunkuyar da kai, Kawu Is'haƙa yana kallon tafin hannunsa. Na ce an roƙe ni, kuma duk wanda ke ɗakin ya san wanda zai iya roƙona. Na tsaya a gaban Arewa na mayar da mutumin da zai aure ni mai neman a yi masa maguɗi, na mayar da garinsu shaidar gaskiyata. Kafin a rufe taro da addu'a kujerar Luƙman ba kowa.

Daga ranar "Bonjour" ta ɗauke. Na tura masa "Ka yi haƙuri, ba haka nake nufi ba." Alamar ya karanta ta fito, amsa ba ta zo ba. Na tura murya, na goge kafin ya saurara, na sake turawa. Na kira, ta yi ta ƙara har ta katse. A gari kuwa magana ta bazu, a kasuwa ana nuna ni ana cewa ga yarinyar da ta ƙi surukanta saboda gaskiya. Wasu yabo suke yi, amma ni duk wanda ya faɗa ji nake kamar ya watsa min ruwan zafi. Gwaggo Habsatu ta daina amsa gaisuwata sai da ka.

Wata ranar Asabar da safe ina taya Inna shanya atamfofin nan don kar su yi warin ajiya, ina ta kumbure-kumbure. Ta so ta sanyaya min rai. Ta ce in daina damuwa, ko an yi matarnite a Tudun Aduwa ko ba a yi ba ni bai shafe ni ba, tunda a Dutsi za mu zauna, kuma in Allah ya kawo rabo ai gida zan dawo goyon ciki, a ɗakinta zan haihu kamar yadda kowace 'yar fari ke yi. Ta ci gaba da karkaɗe zane tana cewa:

"Ke kanki ai ba nan anka haihe ki ba. Ƙauyenmu Geceme na tahi wurin tsohuwata tun cikin yana wata bakwai. Takarda ta dai ta ce Dutsi, don nan ubanki yake."

Na tsaya da atamfa a hannu. Goyon ciki. Al'adar da na sani tun ina wasan 'yar tsana, mace in ta ɗauki cikin fari ta koma gidan iyayenta ta haihu a can. Na yi rakiyar ƙawaye, na kai musu kunun kanwa. Kuma na sani a karatuna cewa haihuwar fari tana cikin waɗanda suka fi zuwa da gardama. Duk na san wannan, amma ban taɓa kawo shi kusa da ordinatata ba.

Na saki zanen a ƙasa, Inna tana faɗa ban tsaya ba. A bayanan da aka ba ni akwai wuri biyu ga kowace mace. Ɗaya domicile, inda take aure. Ɗaya provenance, inda aka ɗauko ta ranar naƙuda. Na farkon a tsaftace yake, kowane gari da lambobinsa na taswira. Na biyun kuwa rubutun ungozomomi ne cikin gaggawa, gari ɗaya a rubuta shi iri uku, wani wurin ma an bar shi fanko. Ni da nake son aiki mai tsabta, na ɗauki na farkon ban ko waiwayi na biyun ba. Duk 'yar ƙauyen da ta yi aure a birni ta koma gida haihuwa, na ɗauke wahalarta na kai wa garin mijinta.

Na wuni ina gyara sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ko abincin rana ban ci ba. Babu sunan kowa a bayanan, amma na san watan da abin ya samu Hidaya, na san shekarunta. Na same ta. An rubuta an ɗauko ta daga Tudun Aduwa, amma mijinta ɗan Dutsi ne, don haka ɗigonta a taswirata yana nan cikin gari, unguwar da ke bayan tamu. Matar da ta yi naƙuda a kan amalanke, ni na zaunar da ita kusa da asibiti na ce ba ta da matsala. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka mai isata.

Da na sake gudanar da lissafin ban taɓa faɗin tsibi ba, ban canza ƙa'ida ko ɗaya ba. Na jera gidajen, na tara har casa'in da biyar, na ja layi. Tudun da ke kan Dutsi ya ragu, na ƙauyuka suka taso. Wasu garuruwa suka shigo, wasu suka fita. Tudun Aduwa yana ciki, kuma ba a bakin layi ba, ya shige sosai.

Ranar Litinin tun kafin mai shara ya gama na isa buro. Madam Henriette ta saurare ni ba ta katse ni ba, ta cire tabarau ta murza idanu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta ce kuskure ne na aiki, ita ma ta ga bayanan ba ta lura ba. Ta ce taswira ta biyu ita ce daidai, ba ta da shakka. Amma kafin wata ya mutu za a rufe jerin garuruwa, kuma ba ita ke rufewa ba, wakilan nan ne za su sa hannu. Na ce a kawo wani daga Yamai ya sake lissafin. Ta ce kafin a amince a turo shi an gama komai.

"Ma fille, ke kika tsaya gabansu kika ce garin nan yana waje, shi ne shaidarki. Yanzu ki koma ki ce ya shigo, saura kaɗan bikinki? Waɗanda za a fitar ba za su tsaya jin provenance ba. Za su ce amarya ta sha matsi ta goge layi."

Ta ce za ta kai maganar in na yarda, amma in sani da wuya ta wuce, kuma in ta faɗi sunana zai faɗi tare da ita. Ta ba ni zuwa jibi in yi tunani. Na fito na zauna a ƙarƙashin itacen bedin da ke ƙofar buro, na ɗauki hoton sabuwar taswirar na tura wa Luƙman. Na rubuta masa komai, goyon ciki, Hidaya, abin da Madam ta ce. Na ƙare da cewa shi ke da gaskiya tun farko, ni ce ban saurara ba. Wannan karon ko minti ba a yi ba amsa ta shigo: "J'arrive bayan la'asar."

Ku zo ku ga yadda na yi rawar jiki. Na share zaure da kaina, na kunna turaren wuta, na sa leshi ruwan hoda da ban taɓa sawa ba, na zauna gaban madubi ina gyara kwalli ina gogewa. A raina na gama tsara yadda za ta kasance. Zan ba shi haƙuri, ya ɗan ja aji, in yi masa shagwaɓa, ya yi murmushin nan nasa na gefe ɗaya, mu zauna mu nemi dabara tare. Inna tana kallona tana murmushi, har ta ce in kai masa dambun da ta yi.

Ya zo a kan lokaci. Ya rame, ko kuma idona ne. Ya gaishe ni da mutunci, ya karɓi ordinatar ya bi lissafin layi bayan layi kamar yana gyaran takardun ɗalibai. Ya yi min tambayoyi a kan wuraren da aka bari fanko, na nuna masa ko an cire su ko an bar su garin yana ciki. Ya gyaɗa kai ya ce aikin ya yi kyau. Na fara ba shi haƙurin da na haddace, ya ce ya yafe tun ranar, abin ya yi masa ciwo ne kawai. Har na fara jin sanyi a raina.

Sai ya ce Madam ta faɗi gaskiya. Ya san mutanen nan, ya zauna a cikinsu a ɗakin taron. Muddin ana ganina a matsayin amaryar Tudun Aduwa, ko da Alƙur'ani na dafa ba mai karɓar taswirar nan daga hannuna. Na ce to mu ɗaga bikin. Ya ce ɗagawa ba ta canza komai, wanda aka ɗaga ai yana nan tafe. Ya ce gari duka ya riga ya san na kunyata shi a bainar jama'a, ba wanda zai yi mamaki in danginsa suka yi fushi. Kuma ba wanda zai ce mace ta yi wa garin mutumin da ya fasa aurenta alfarma.

Ban gane ba da farko, ko kuma na ƙi ganewa. Na ce masa wasa yake yi. Na ce in haka ne mu yi na ƙarya, in an sa hannu a dawo da magana. Ya girgiza kai ya ce manya ba a wasa da su, Babana ba zai karɓi goro sau biyu daga hannu ɗaya ba, kuma in aka dawo da maganar daga baya, waɗanda aka fitar za su tayar da ƙura har a rushe abin da aka fara. Ya gaya min Hidaya tana da wani cikin, mijinta ya yi tafiya, uwarsu ta ce ta dawo gida ta haihu. Ya ce ba Hidaya kaɗai ba ce, ya lissafo min 'yan matan garinsu da aka aurar bara, duk za su koma.

Na riƙe bakin mayafina ina murzawa, hawaye yana ɓata min kwallin da na sha wahalar sawa. Na ce masa ni fa, ni ina zan sa kaina. Idanunsa sun yi ja, bai kalle ni ba, takalminsa yake kallo. Ya miƙe ya tura babur ɗinsa har bakin ƙofa, sannan ya juyo.

"Ban taɓa son wata awa ke ba, Nusaiba, kuma ba ni jin za ni so. Gobe da hantsi Kawu Is'haƙa zai zo wurin Baba a janye maganar aure. Ki bari sai ya hita, sannan ki kai ma Madam taswirar."

Ya tafi, ban ji tashin babur ɗin ba sai da ya kai ƙarshen layinmu. Na zauna a zaure da kwanon dambu a gabana ba a buɗe ba. Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya tana tambayata ko mun shirya, ko ta aika a gaya wa Gwaggo Habsatu ta kwantar da hankalinta.